Kabarin Jan Ƙarfe a Gonar Tanko

Kai Nasiru, na ji abin da ka faɗa wa abokanka ɗazu, kada ka ɗauka furfura ta toshe mini kunne. Wai Kawu ya ci banza, shekara da shekaru ana ba shi albashi yana kallon taurari. To ku matso, ku ajiye wayoyin nan. Da farko dai ni ban taɓa kallon tauraro don aiki ba. In kun ga na ɗaga kai sama, hadari nake dubawa kamar kowa. Rabin rayuwata a durƙushe na yi ta, ko ina naɗe waya ko ina haƙa rami. Kuma ramin da na fi sa wa rai, wanda na ce shi zai sa a rubuta sunana da na garin nan namu, Birnin Gwari, a takardun masana kafin in yi ritaya, ni da kaina na sa aka tone shi tun lokacinsa bai yi ba.

Abin da muke nema ba shi da sunan kirki. Turawa suna ce masa abu mai duhu, ba don baƙi ne ba, sai don ba ya ba da haske kuma ba ya tare shi. Ni nauyin ɓoye nake ce masa. Kun taɓa ganin tirela ta taho daga Funtuwa tayoyinta sun lotse, tana nishi a kan tudu? Ko ba ku ɗaga tamfol ba kun san da kaya. To haka masu auna sama suka ga gungun taurari suna juyawa da gudun da ya kamata a ce tuntuni sun watse, amma ba su watse ba. Akwai nauyin da ke riƙe da su, an kuma ɗaga tamfol ba a ga komai ba. Daga nan aka rabu gida biyu. Wasu suka ce ƙwayoyi ne masu nauyi, suka shige ƙarƙashin duwatsu suna jiran ɗaya ta bugi na'urarsu. Mu 'yan tsiraru muka ce a'a, abin ya yi rashin nauyin da ba ya ma tafiya ƙwaya-ƙwaya. Kaɗawa yake yi kamar ruwan tafki in iska ta taɓa shi, kuma duniyar tamu a cikinsa take iyo. In mu ne da gaskiya, duk sanda ya kaɗa zai ɗan girgiza maganaɗisun ƙasa, wato abin nan da ke sa allurar kamfas ta nuna arewa. Girgizar ba ta taka kara ta karya ba, amma ita muke kasa kunne mu ji.

Aikina na farko a ɗakin gwaji a Zariya naɗin waya ne. Maigidana wani tsoho ne da muke kira Baba Alli, saboda har a gemunsa akwai ƙurar alli. Ranar da na je da takarduna ina taƙama na ci lissafi, ko kallonsu bai yi ba. Ya miƙo mini bututu mai tsawon mutum da ƙullin wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin jelar doki, ya ce in naɗe ta a jikin bututun, zagaye na bin zagaye, kada ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa. Zangon karatu guda na yi ina wannan. In ya zo ya shafa da ɗan yatsa ya ji tudu, ba ya faɗa, ba ya zagi, sai ya kama bakin wayar ya yi tafiyarsa da ita har ƙofa, aikin sati ya warware a gabanka. Sannan ya waiwayo ya ce, "Isiyaku, Allah ya ba da lada."

Dokarsa ta biyu ita ce ƙarfe. Baƙin ƙarfe kowane iri, in ya motsa kusa da bututun nan, na'ura za ta ji shi fiye da yadda za ta ji sama da abin da ke cikinta. Don haka a bakin ƙofa akwai ƙwarya, kowa ya zo sai ya zuba makullinsa da agogonsa da bel ɗinsa. Na taɓa ganin shugaban sashe, babban farfesa mai tumbi, yana zagaya na'ura da hannu ɗaya riƙe da wando, Baba Alli na biye da shi yana tambaya ko takalminsa na da ƙusa. Tun daga lokacin na koma wando mai mazagi, har yau kuwa ban sake ba. Ku da kuke ganin ƙauyanci ne, ku sani ilimi ne.

Kayan aikin ba su da wani kwarjini. Bututu biyu, akwatin da ke rubuta abin da suka ji a ɗan katin memori irin na wayoyinku, batir, faifan sola, kamfas, da kwalbar magina ta auna daidaito. Sai diga da shebur, waɗanda da an gama haƙa ake kai su nesa kamar masu cutar ƙyanda. Wahalar ba a kayan take ba, a samun wurin shiru take. Wayar lantarki tana gunji, janareta na gunji, injin niƙa, mota, har firjin mai sayar da ƙanƙara. A Zariya mun yi shekaru muna auna walda da injin markaɗe muna ce masa bincike.

Kuna tambaya su wa muke yi wa aikin. A takarda dai wasu alƙalai ne na mujallun ƙetare, ba ka san sunansu ba, ba ka san fuskarsu ba, ka aika musu aikin shekara biyu su dawo maka da shi sun ce waƙafi bai zauna daidai ba. Amma masu zuwa ƙofar gidana daban ne. Da zarar na shigo garin nan hutu, sai ka ga mutum ya yi sallama ya durƙusa, wai a duba masa ranar da ta dace a ɗaura auren 'yarsa. In na ce ni ba duba nake yi ba, sai ya yi murmushin nan na mun-san-juna, ya ce ai manyan ba sa faɗa. Daren ganin wata kuwa ba ni da sakat, alhali ko allo ba na gani sai da tabarau. Da haƙar zinariya ta yi ƙarfi a dajin nan, sai samari irinku suka riƙa zuwa a asirce, wai in ara musu na'urar kwana ɗaya, a raba uku in ɗauki kashi ɗaya. Na ce musu tawa ba ta jin zinariya, abin da ba a taɓa gani ba take nema. Ɗaya ya ce, "To Malam, in ka same shi nawa ne giram?"

Ina dab da ajiye aiki wata Baturiya da muka saba haɗuwa a taro ta rubuto mini. Ta ce sun shirya a binne irin bututun nan a wurare masu nisa da juna a faɗin duniya, duk su saurara a lokaci guda, daga farkon daminarmu zuwa kaka. In nauyin ɓoye ya kaɗa, duk za su ji tare, in kuwa ɗaya ce kawai ta ji, to maƙwabci ne ya tayar da janareta. Sharaɗin guda ne: da an rufe rami ba a sake taɓa bututu sai ranar gamawa. Wanda aka motsa nasa ko da taki ɗaya ne, an cire shi daga lissafi. Ta ce ko na san wani wuri a ƙasarmu da ba lantarki, ba kwalta, ba masana'anta, tafiyar sa'o'i ta kowace fuska? Na yi dariya har na ƙware. Na ce mata, Hajiya, ai a can aka yanke mini cibiya. Abin da muka yi shekaru muna roƙon 'yan siyasa su kawo mana suka ƙi, ashe tanadi suke yi wa ilimi.

Gonar Tanko na zaɓa, can bayan Randagi, inda gonaki suka ƙare daji ya fara. Tanko taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, bai taɓa kirana da sunana ba, Boka yake ce mini. Muka ɗaure kaya a babura biyu muka bi 'yar hanyar nan da in ka sauka sai ka ƙirga haƙoranka. A gindin wata babbar ɗorawa muka yi aikin. Batir da akwati muka sa a durom na roba muka binne can gefe cikin sarƙaƙiya, faifan sola muka ɗaure a ƙololuwar ɗorawa inda ba mai gani daga ƙasa. Bututu ɗaya dole ya kwanta gabas da yamma, shi muka sa a bayan wata suri, ciyawa ta rufe shi. Ɗayan dole ya kwanta kudu da arewa, shi kuma wurin da ya dace da shi a fili yake, dab da hanya.

Yanzu ku bi ni a hankali, ku ga yadda ilimi ke aiki. Rami ya zama tsawon bututu, wato tsawon mutum. Kada nauyin ƙasa ya danne shi, sai a yi masa 'yar ƙaramar kwanciya a ciki a rufe da abin da ba ƙarfe ba, muka samo fasassun tukwane muka jera. Kada ruwan sama ya kwanta a kai, sai a tara ƙasa ta yi tudu. Kada shanun Fulani su taka, sai a ɗora ƙaya. Kowane ɗaya da hujjarsa, zan iya rubuta muku lissafinta. Muka gama, na ja da baya ina karkaɗe hannu ina jin daɗin kaina, sai na ga Tanko ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Boka, Allah ya jiƙan Musulmi. Wa muka rufe?"

Na sake dubawa. Wallahi ko a maƙabartar garin nan ba a gyara kabari kamar wannan. Muka yi ta dariya har muka zauna a ƙasa. Can sai dabara ta faɗo mana, kuma kada ku tambaye ni wa ya fara kawo ta, don har gobe kowa na cewa ɗan'uwansa ne. Babban tsorona dama masu haƙar zinariya ne da ɓarayin waya. To wa zai tona kabari? Mun sami maigadi wanda ba ya barci, ba ya neman abinci. Muka yi shawara duk wanda ya tambayi Tanko, kada ya yi ƙarya, ya dai ce Allah ya jiƙan Musulmi ya yi gaba. Ai addu'a ce, ba laifi. Na koma Zariya ina cewa faɗuwa ta zo daidai da zama, na manta banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wannan ita ce muguwar shekarar, kun san ta, wasunku a ita aka rufe muku makaranta. Mutanen daji suka hana noma, suka hana hanya. Tanko bai ko yi huɗa ba ya kwashe iyalinsa ya dawo cikin gari. Aka katse layukan waya, ya zama ko gaisuwa sai ka ba direba saƙo. Kuma ga abin kunya, ni a Zariya ina cewa a raina, ba babur, ba injin niƙa, ba ko rediyo, irin wannan shiru ko a tsakiyar hamada ba a samu ba. Sana'a in ta shiga jikin mutum haka take mayar da shi.

Da damina ta yi nisa na samu na bi ayarin 'yan sa-kai na je na canjo katin memori. Durom kawai na buɗe, ban ko matsa kusa da tudun ba, na dai hango shi fes, ba ciyawa ko ɗaya a kai, ban kuma kawo komai a raina ba. Na dawo na sa kati a kwamfuta. Layi ya miƙe sumul, shiru kamar an share, abin sha'awa. Sai ga wani abu a bututun kudu da arewa. Bugu ne, a jere, da tazara kusan iri ɗaya, ya yi kamar rabin sa'a ya ɗauke. Na duba gaba, ga shi ya dawo. Na kulle ofis, na fara tunanin wace babbar riga zan sa ranar da za a kira ni a ba ni lambar yabo. Na aika wa Baturiyar nan. Amsarta ba ta yi tsawo ba. Ta ce ba wanda ya ji komai a sauran wuraren, kuma in lura da ranakun. Na lura. Duk ranar Juma'a ne, da hantsi. Ta ƙara da cewa a iya saninta nauyin ɓoye ba ya zuwa masallaci.

Wata Juma'a na sa Tanko a gaba, yana ta mita, muka tafi. Muka ajiye babur nesa muka ƙarasa a ƙafa. Tun kafin mu isa ɗorawa na ji sautin, kaf, kaf, kaf. Wata tsohuwa ce a sunkuye da 'yar fartanya tana share ciyawar da ke gefen tudun. Ta gyara ƙayar da iska ta ture, ta jera duwatsu ta wajen kai. Fartanyar nan ita ce lambar yabona.

Tanko ya san ta. Iya Hassi ce, daga wata 'yar unguwa da ke hayin rafi. Muka gaisa, ta yi mana barka da zuwa kamar mu ne baƙi a gonar. Na ce, "Iya, me ake yi a nan, ga daji ba lafiya?"

Ta ce, "Ɗana ne a nan, Malam. Sule. Mata ba sa shiga maƙabarta, amma nan gona ce, ba mai hana ni."

Ta ba mu labari ba hawaye, kamar mai faɗin farashin gero. Mutanen daji ne suka ɗauke Sule a gonarsa farkon damina, suka bi da shi da wasu ta wannan hanya. Wani da ya kuɓuto ya ce ya bar shi da zazzaɓi ba ya iya tafiya, kusa da wata babbar ɗorawa. Da aka zo nema sai ga sabon kabari. Aka aika a tambayi mai gona a gari, mai gona ya ce Allah ya jiƙan Musulmi. Na juya na kalli Tanko, shi kuma ya sami wani abin kallo a tafin ƙafarsa.

Ta ce, "Ko wane ne ya rufe shi, Allah ya saka masa. Ya yi masa sutura ta mutunci. An yi sadaka. Matarsa Balaraba tana takaba, sabon watan nan za ta fita, sai a raba gado."

Ku da kuke cewa aikin Kawu ɓagas ne, ku faɗa mini wane littafi ne ya koyar da abin da ake cewa a nan. Na share murya na yi mata bayani. Na ce ba mutum a ciki, bututu ne da waya, ni na binne shi da hannuna. Na kai ta wajen durom na nuna mata akwati, na nuna mata bakin wayar da ta shiga ƙasa. Ta saurare ni har na gama, irin sauraron da ake yi wa mai tallan maganin gargajiya a mota.

Ta ce, "Malam, tun da abin nan ya faru kowa da abin da yake gaya mini. Wani ya ce ya gan shi a Dogon Dawa, wani ya ce ya ji muryarsa a waya. Wannan ne kaɗai na taɓa da hannuna. In ba shi ba ne, buɗe in gani."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi ciniki. Na ce ta ba ni zuwa kaka, saura 'yan makonni, ranar da za a tone da kaina zan zo in ɗauke ta. Ta ce takabar ba ta jiran kaka. Muka ɗunguma wajen limamin unguwarsu, na ce ko shi zai fahimta. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga ni ga mai gona, mu biyu mun shaida ba gawa a wurin. A dakatar da komai kawai, a bar mini ramina."

Ya ce, "Malam Isiyaku, mai gonar nan da bakinsa ya yi wa na cikin ramin addu'a, jama'a suka ji. Yau ya ce waya ce. Wanne zan kama? Ana maganar igiyar aure da dukiyar marayu. In mutumin nan yana raye, ka ga mun raba shi da matarsa mun rabe gonarsa a kan maganar da ba mu gani ba. In kuma yana ciki, mun hana yarinya fita takaba a kan maganar da ba mu gani ba. Gani ya kori ji."

Na fito na zauna a kan wani kututture, raina a ɓace, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da lissafin da ya ƙi fitowa yadda nake so. Shiru irin wanda ba za a sake samu ba, aikin da na jira tun ina naɗe wa Baba Alli waya, ga shi saura ƙiris. Na juya ta nan, na juya ta can. Har na yi tunanin a tona ta gefe a leƙa da tocila, amma na san ko ƙasar ka sassauta bututu ya motsa, kuma in na ɓoye wa Baturiya na zama ɓarawo da digiri. Tanko ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Boka, abin naka in ya yi shekara dubu nawa yana kaɗawa, ai ba bana zai daina ba." Na ce masa shi ba zai daina ba, ni ne zan daina. Na tashi na ce a kawo shebur.

Bayan an sauko daga Juma'a aka taru, liman da mai unguwa da dattawa kaɗan, 'yan sa-kai biyu na gadin hanya. Ba wanda ya yarda ya fara sara, sai ni. Na janye ƙaya, na kwashe duwatsun da Iya ta jera, na shiga ture ƙasa. Da aka kai ga tukwane mutane suka ja da baya suna salati, wani ya toshe hanci tun bai ji komai ba. Na ɗaga tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Ga bututuna kwance tsaf, ko gara ba ta taɓa shi ba, daidai yadda na ajiye shi. Na sa hannu na ɗago shi, daga wannan lokacin kuwa sunan Birnin Gwari ya fita daga lissafin. Da takardar tasu ta fito daga baya, an gode mini a layin ƙarshe, tare da wanda ya gyara musu kwamfuta.

Mai unguwa ya ce an ji akwai rami na biyu, ko shi ma a buɗe? Iya Hassi ta leƙa bayan surin ta dawo. Ta ce a bar shi, ba a kwantar da Musulmi haka, gabas da yamma.

Ta daɗe tsaye a bakin ramin tana kallon cikinsa. Ni dai na shirya, in zagi ne in sha, don na ci a zage ni. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma gode mini ba. Ta juya wajen wani dattijo, ƙanen mijinta, ta ce a je a gaya wa Balaraba ta yi wanka ta yi kitso, da aurenta. A gaya wa masu rabon gado su koma gida. Har yau ɗin nan da nake muku magana ba a ga Sule ba, ba a kuma ji ya mutu ba, Balaraba na nan a ɗakinta.

Jama'a suka fara watsewa. Ina durƙushe ina naɗe waya sai na ga inuwarta a kaina.

Ta ce, "Malam, Tanko ya ce abin nan naka yana jin motsin abin da ido ba ya gani."

Na ce, "Haka muke fata, Iya."

Ta ce, "To ka juya shi wajen daji mana."

Na ce, "Ba ya jin mutane, Iya."

Ta ce, "Ni ai ya ji ni."

Na ce, "Fartanyarki ya ji. Ƙarfe yake ji."

Ta ce, "Sule ma da fartanyarsa aka tafi da shi."

Na gaya mata gaskiya, cewa in ƙarfe ya wuce iyakar gonar nan, bututun ba ya jin sa. Ta kalli bututun daga kai har ƙarshe, ta kalli dajin, ta saɓa fartanyarta a kafaɗa.

Ta ce, "To ku ƙero babba."

Ta kama hanyar rafi, mu kuma muka tsaya mayar da ƙasa, kada wani ya faɗa.